Su Baba sun zo Landan, kwana uku na yi ina yawo da su Hajiya ta ce ta gaji: in ci gaba ko in haƙura?

Abban Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko da ɗacinta.

Shekarata bakwai a Landan. Sai bana Allah ya nufa Baba da Hajiyarmu suka samu biza, suka taho da autanmu da ya gama sakandare. Sati uku za su yi, yau kwanansu shida. Tun ba su sauka ba na zauna na tsara komai a takarda, kowace rana da inda za a je. Hutun da na tanada don zuwa gida ma na cinye shi a kan zuwan nan nasu.

Ranar farko Fadar Buckingham, kallon canjin masu gadi. Fiye da awa guda muna tsaye cikin turmutsutsu, Hajiya ba abin da ta gani sai ƙeyar mutane da wayoyi a sama. Da aka watse ta ce, "To ina sarkin?" Na ce ai ba fitowa yake ba. Ta ce, "Ikon Allah. Mu a Kano ko ranar Juma'a ka tsaya a hanya ka ga sarki." Washegari Hasumiyar Landan, kowane babba sama da fam 30 kuɗin shiga. Rana ta uku na kai su babban lilon nan na bakin kogi, London Eye. Hajiya ta ɗaga kai ta kalle shi, ta ce ita da hankalinta ba za a biya kuɗi a rataye ta a sama ba. Tikiti kuwa na riga na saya. A daren ƙafafunta suka kumbura.

Baba shi ko uffan. Duk inda muka je sai, "Madalla, Allah ya yi albarka." Na kasa gane daɗi yake ji ko kara yake min.

Uwargida ta ce wai yawon nan don kaina nake yi, don hotunan da zan tura wa dangi. Maganar ta sosa min rai, har yanzu ba mu gama shiryawa ba. Saura wurare tara a takardar. Ya zan yi?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Abban Hanif, ka je ka ba matarka haƙuri, don ta fi ka gaskiya, sai dai ta faɗe ta ba gishiri. Ni ma na yi irin taka lokacin da Ummanmu ta zo Birmingham. Mu da muka daɗe a nan mun manta yawan tafiyar ƙasa da muke yi: daga gida zuwa tasha, sauka matattakala, canjin jirgi, hawa matattakala. Matar da a gida ko unguwar da ke bayan layi sai an kira mata adaidaita, ita ka ɗauka kana tiƙa da ita kan dutse tun safe har la'asar. Duba wayarka ka ga taku nawa kuka yi ranar fadar, za ka ji kunya.

Tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ka rubuta takardar nan, ka tambaye su abin da suke son gani?

Abban Hanif:
Anti, gaskiya ban tambaya ba. Na ɗauka ni da nake garin ni na san abin gani.

Ɗan Zazzau:
Bakano ke nan, yawon buɗe ido ma sai da takardar lissafi kamar mai sarin atamfa. Na tabbata kuɗin tikitin lilon nan ne ke cin ransa, ba ƙafar Hajiya ba. Kuma da Hajiya ta ce a Kano ana ganin sarki, ni dai ban tambayi wanne ba.

Amma ban yarda a ce ya daina ba. Mutum ya sha wahalar biza, ya biya jirgi, ya zo ya zauna a falo yana kallon Arewa24 a waya? Ai da ya yi zamansa a gida. In sun koma za a tambaye su me suka gani.

Abban Hanif:
Bawanmu, maganar sarauta a bar ta, kar shugaban zaure ya kore mu duka.

Hajiya Babba:
Salamu alaikum 'ya'yana. 'Yata ce ta sa ni a wannan zaure, ba na yawan magana, amma yau zan yi, don ni na taɓa zama baƙuwar.

Na je wa 'yata jego a wani gari a arewacin Ingila. Wata biyar na yi. Na tafi cikin sanyi, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Mijinta aikin dare, ita kuma da ta yi arba'in da 'yan makonni ta koma makaranta. Ni da jariri da taga. Na san motar kwasar shara da ranar da take zuwa, na san tsohuwar da ke fita da karenta kullum ƙarfe tara. Shi ke nan Ingilar da na gani. Ana saura kwana biyu in dawo suka kai ni wani babban kanti na sayi tsaraba. Da na dawo Kaduna maƙwabta suna ta tambaya, Hajiya ya Landan? Na ce lafiya lau. Ban taɓa taka Landan ba sai filin jirgi.

Ban riƙe su a zuciya ba, na ga yadda rayuwar take, ba hutu gare su ba. Amma ku masu cewa a bar tsofaffi su huta, ku sani akwai hutun da ya fi aiki gajiya. Mu ba ma iya buɗe baki mu ce a fita da mu, kar mu ɗora wa yaro nauyi. Yaron nan da ya ɗauki hutu don iyayensa, Allah ya yi masa albarka. Ya rage gudu kawai, kar ya tsaya.

Maman Ilham:
Allah sarki Mama. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ban ce a kulle su a gida ba, amma na karɓi gyara. Allah ya ƙara girma.

Anti Nas:
Kafin a ci gaba da maganar yawo, ni ƙafar ce ta tsaya min. Aikin jinya nake a nan. Abban Hanif, ƙafa ɗaya ce ta kumbura ko duka biyu? Akwai zafi a sha-raɓa, ko wurin ya yi ɗumi fiye da ɗayar? Dattijuwar da ta yi awa shida ko fiye a zaune cikin jirgi kwanan nan, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ana tsoron gudan jini ne a jijiya, kuma wannan ba a jiran gobe. Ka kira 111 su faɗa maka inda za ka kai ta. In numfashi ya fara yi mata wuya ko ƙirji na ciwo, kira lambar gaggawa 999 kai tsaye.

Kuma don masu shirin gayyato iyaye: a Ingila duba mutum a sashen gaggawa kyauta ne ko baƙo ne, amma da zarar an ba shi gado, mai bizar ziyara biya zai yi, kuma kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin ake caji. Ku yi musu inshorar lafiya tun daga gida. Su taho da maganinsu na hawan jini ko suga wanda zai ishe su, a cikin kwalinsa.

Abban Hanif:
Na gode ƙwarai Anti. Duka biyun ne, ba zafi, kuma da ta kwana ta ɗora su kan matashi sun saɓe. Maganinta na nan tana sha. Zan sa ido. Inshora na yi musu, wannan kam uwargida ce ta matsa.

Malam Na Leeds:
To ka ga wani dalilin ba ta haƙuri.

Ni Baba ne ya ɗauki hankalina. Dattijon da ke cewa madalla a ko'ina, ba a kai shi inda zuciyarsa take ba tukuna. Shekarunsa nawa? Yana jin rediyo?

Abban Hanif:
Ya haura 70. Rediyo kuwa har nan ya taho da ita, 'yar ƙaramar nan mai eriya, duk da na ce masa ba za ta kamo tashoshin gida ba.

Malam Na Leeds:
Shi ke nan, ka yar da takardarka. Mutumin da ya shekara hamsin da rediyo a kunne yana da tasa Landan ɗin a ka, kuma ba ruwanta da lilo.

Na farko, kai shi Bush House, a Aldwych. Daga ginin nan Sashen Hausa na BBC ya yi ta watsa shirye-shirye shekara da shekaru, har 2012 da suka tashi suka koma Broadcasting House. Yanzu jami'ar King's College ce a ciki, ba wani abin kallo sai ƙofa da ginshiƙai da gumaka biyu a sama. Kai za ka ga gini ne kawai. Shi kuwa sunan nan ya sha jin sa, wataƙila ma ya taɓa rubuta shi a bayan ambulan.

Na biyu, Greenwich. Sau nawa ya ji an ce "ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar"? G ɗin nan Greenwich ce. Unguwa ce a kudu maso gabashin Landan, akwai tsohon gidan nazarin taurari a kan tudu, an kafa shi a 1675. A 1884 aka yi taro a Washington aka amince layin da ya ratsa wurin shi ne mafarin awon gabas da yamma na duniya. Layin na nan a ƙasa, mutum ya sa ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma. A jikin bangon ƙofa akwai wani tsohon agogo mai awa 24, ganinsa ba a biyan ko kwabo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na kai shi sai ya cire agogon hannunsa ya saita da shi, ya ce daga yau ba mai yi masa gardamar lokaci a masallaci.

Ƙararrawar Big Ben ma ya san muryarta tun kafin a haife ka. Ku je dab da cikar awa ku tsaya ya ji ta da kunnensa.

Kuma ba yau aka fara yawo da manyanmu a garin nan ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun zo Ingila tare. Ka ba Baba wannan labari a hanya, ka ga ko bakinsa ba zai buɗe ba.

Bakatsiniya:
Malam, an tsallake mu da gangan ko mantuwa ce? Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya riga su, tun 1921 ya zo, ya gana da Sarki George na Biyar, ya wuce aikin Hajji. Kuma muryar farko da aka ji a Sashen Hausa a 1957 ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce. Malumfashi dai ba a Kano take ba, ba a Zariya ba.

Malam Na Leeds:
Tuba nake, ranki ya daɗe. Kunya gare ku, amma ban da wajen tarihi.

Yaron Zango:
Ni daga Ankara ta Gana nake, unguwar Nima. Layin nan na Greenwich ta ƙasarmu ya bi, ya ratsa Tema ya faɗa teku. Shi ya sa agogonmu a Gana daidai yake da GMT, ba ƙari ba ragi. Da na kai mamana ta ce, yau ga wahala, abin da ke bayan gida shi muka hau jirgi muka zo gani. Amma ku sani tudun yana da tsayi, hawansa ba wasa ba ne ga mai ciwon gwiwa.

Injiniya:
Bari in yi maganar zirga-zirga, don a nan yawancinmu muke kuskure. Mun saba da jirgin ƙarƙashin ƙasa saboda sauri, sai mu cusa baƙi a ciki. Baƙo ya zo ganin gari ka sa shi a rami? Ga zafi a wannan lokaci, ga tashoshi da yawa ba lif, tun 1863 aka fara gina abin nan ba a yi shi don gwiwar Hajiya ba.

Ka sa su a bas. Lamba 15 daga dandalin Trafalgar tana bi ta Aldwych, ta wuce babban cocin St Paul, ta kai Hasumiyar Landan. Suna zaune gari na wucewa. Ba a karɓar tsabar kuɗi a bas, kowa sai da katinsa, kati ɗaya ba ya yi wa mutum biyu. In kun canja bas cikin awa guda ba a sake cajin ku. Greenwich kuwa ta ruwa za ku je, ku hau jirgin ruwa a Westminster, ku bi ta ƙarƙashin Tower Bridge, iska na kaɗa su. In dole sai jirgin ƙasa, layin Elizabeth ya fi, sabo ne, 2022 aka buɗe, akwai lif da sanyi.

Wuri ɗaya a rana, a fita bayan azahar, a dawo kafin gajiya. Rana ɗaya fita, rana ɗaya gida. Manyan gidajen tarihi suna ba da aron keke kyauta ga wanda tafiya ke ba wuya.

Abban Hanif:
Keken nan na gwada yi mata maganarsa. Ta ce, "Keken guragu? Da ƙafata? Allah ya kiyaye, bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Maman Ilham:
Laifinka ne da ka kira shi da sunansa. Cewa za ka yi kujerar manya ce.

Ɗan Zazzau:
Tunda Bakano na kukan kuɗi, ga babban gidan tarihi na British Museum nan kyauta. Ku sauka ƙasa ɓangaren Afirka, ku hau sama ɓangaren kayan Musulunci da aka buɗe a 2018. Akwai gawarwakin mutanen Masar na dā, Hajiya za ta samu labarin ba wa jikoki har shekara.

Sadauki:
Ni fa ba zan ɗauki ubana in kai shi kallon kayan da aka kwashe mana ba. Tagullan Benin da ke ginin nan a 1897 sojojin Birtaniya suka ƙone birnin suka kwaso su. Sama da 900 ne a hannunsu. Jamus ta fara mayarwa a 2022, wani ƙaramin gidan tarihi a nan Landan, Horniman, shi ma ya miƙa mallakar guda 72 a shekarar. Su British Museum kuwa sun fake da dokar 1963 da ta hana su fitar da kaya. Kana shiga ana ƙirga ka cikin masu ziyara, da adadin nan ake kafa hujja cewa a nan duniya ke ganin su. Haka Hasumiyar da ka biya fam 30, lu'ulu'un Cullinan da ke jikin sandar sarautarsu daga Afirka ta Kudu ya fito. Ka biya kuɗi ka ga kayan maƙwabcinka.

Ɗan Zazzau:
To ƙin zuwanka zai dawo da su? Ni na fi son yarana su gani da idonsu, in ce musu kun ga wannan, kakannin mutanen ƙasarku ne suka ƙera tun ƙarnoni da suka wuce, ga yadda aka yi ya zo nan. Kai da kake wannan zafi, tsakaninka da Allah sau nawa ka shiga Gidan Makama?

Sadauki:
Sau biyu, kuma ko ban shiga ba nawa ne. Wanda bai share ɗakinsa ba ba shi ya halatta a sace masa gado ba.

Malam Na Leeds:
Ku biyun kuna da abin faɗa, amma kun koma yi wa Baba zaɓi, abin da muke ce wa Abban Hanif ya daina. A gaya masa abin da ke ciki da yadda ya zo. In ya ce a je, a je.

Wata 'Yar'uwa:
Ku yi haƙuri zan karkata kaɗan, don ba wanda ya taɓo inda ya fi min ciwo. Bara surukata da ƙanwar mijina suka zo wata ɗaya. Aikin kula da tsofaffi nake, ana biyana da awa, ranar da ban je ba ba ko sisi. Mun yi yawo, mun yi hotuna, kowa a gida yana ta masha Allah. Abin da ba su gani a hoton ba shi ne katin bashi. Wata bakwai muna biya. Kuma yawon ma bai ci kuɗi kamar tsaraba ba. Ƙanwar ta zo da jerin sunaye a waya, mutum 40 da wani abu, har da mai yi musu kitso.

Ba rowa ba ce. Amma mu ma muna da laifi, mun ƙi bari su ga yadda muke. Muna ɓoye gajiya, muna ɓoye lissafi, sai su koma da labarin cewa kuɗi a ƙasa ake tsinta. Wanda zai zo gaba sai ya zo da jeri mai tsawo.

Hajiya Babba:
'Yata, gaskiya kika faɗa. Amma ku riƙa faɗa mana. Uwa ba ta son a ci bashi a kanta. Da 'yata ta nuna min takardar kuɗin wuta da na haya, da kaina na soke rabin sunayen da na zo da su.

Bamaradiya:
Mu nan Faransa haka abin yake. Innata da na kai ta hasumiyar Eiffel ta duba ta ce ƙarfe ne dai, ba rufi ba ɗaki. Amma ranar da muka shiga kasuwar Château Rouge ta ga kuɓewa da busasshen kifi da atamfa, sai da na janyo ta. Tsofaffinmu mata kasuwa ce gidan tarihinsu, a nan suke gane yadda gari yake ci yake sha.

Abu Sumayya:
Ba wanda ya yi maganar salla. Yanzu bazara ce, magariba sai bayan tara na dare, asuba tun wajen uku. Wannan kaɗai ya isa ya hargitsa barcin dattijo, ka kuma tashe shi da safe yawo. Sannan tunda sun yi niyyar zaman sati uku, a mazhabar Malikiyya wanda ya ƙudurta zaman kwana huɗu ya daina ƙasaru, cikawa zai yi. Don haka ka tsara fitarku da inda za a yi alwala a yi salla. Babban Masallacin Regent's Park na nan, ga lambu a gefensa su zauna su huta. Masallacin Gabashin Landan a Whitechapel yana da ginin mata na musamman, Maryam Centre. Kuma ka riƙe gorar ruwa a jaka. Ban-ɗakin Turawa ba buta, wannan kaɗai kan sa dattijo ya ƙi cin abinci ya ƙi shan ruwa a waje, kai kana zaton ƙoshi ne.

Abban Hanif:
Subhanallah. Malam, ka faɗi abin da ban lura da shi ba. Baba ba ya shan komai in mun fita. Na ɗauka shayin ne bai yi masa ba.

Ɗan Zazzau:
Shekara bakwai ta mai da Bakano Bature.

Abban Hanif:
Jama'a na dawo, kwana biyar ke nan. Na ga ya kamata in ba ku labari tunda kun ba ni lokacinku.

Da farko na ba uwargida haƙuri. Ta ce ita ma bakinta ya yi kaifi. Ita ce ma ta zauna da Hajiya a kicin ta tambaye ta, don ni in na tambaya "duk yadda ka yi daidai ne" zan ji. Kun san abin da Hajiya ta ce tana son gani? Wurin aikina, da makarantar Hanif, da inda muke sayen cefane. Wai kullum tana yi min addu'a in na ce na tafi aiki, amma ba ta san ina take aika addu'ar ba. Na kai ta. Gini ne kawai, ko ciki ba mu shiga ba. Ta tsaya a tsallaken titi ta daɗe tana motsa baki, sannan ta ce mu tafi.

Ranar Laraba muka je Whitechapel. Muna cikin kasuwar bakin titi tana taya kuɓewa da hannu, ita ba Turanci mai kayan ba Hausa, kuma wallahi sai da ya ƙara mata, sai aka kira sallar azahar a lasifika. Ta saki ledar ta riƙe hannuna ta ce, "A Landan?" Tun zuwanta ba ta ji kiran salla ba sai a waya. Daga nan muka gangara shagunan atamfa na wajen Liverpool Street. Awa biyu. Matar da ta gaji a minti 20 a gaban fada. Ba ta sayi ko falle ba, ta juya kuɗin zuwa naira ta ce Kantin Kwari ya fi sauƙi, amma ta taɓa kowace.

Baba kuwa, Malam Na Leeds, Allah ya saka maka. Ban gaya masa inda za mu ba, muka hau bas 15 muka sauka Aldwych. Na nuna masa rubutun na ce karanta. Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya gyara hularsa ya fara jero min sunayen ma'aikatan Sashen Hausa na dā, ɗaya bayan ɗaya, da shirin da kowa yake yi. Ashe ya taɓa aiko da wasiƙa aka karanta tambayarsa a rediyo kafin a haife ni, kuma ranar har maƙwabta sun zo yi masa barka. Shekarata 36 ban taɓa jin labarin nan ba. Shi da kansa ya ce in ɗauke shi hoto, karon farko tun zuwansu. Ya ce in tura wa abokinsa da suke zama a ƙofar gida, ba rukunin dangi ba.

Greenwich mun je ta ruwa jiya. Hajiya ta zauna a ƙasa kan ciyawa da uwargida da fulas ɗin shayi, mu muka hau. Sau uku muka tsaya a hanya. Ya ga agogon, ya ga layin, ya yi ta tambayar me ya sa agogon Landan ɗin kanta ya ɗara GMT da awa ɗaya. Na ce a bazara suna tura agogo gaba, sai ƙarshen Oktoba su dawo da shi. Ya ce, "Wato masu abin ma ba sa bin sa." Gorar ruwa tana jaka, ya sha shayi har kofi biyu.

Maganar British Museum na gaya masa duk abin da Sadauki da Ɗan Zazzau suka ce. Ya ce a kai shi, yana son ya ƙirga.

Sadauki:
Dattijo ya fi mu duka. A ba shi biro da takarda.

Hajiya Babba:
Alhamdu lillahi. Ka gaishe min da Hajiyarka, ka ce wata 'yar'uwarta a Kaduna ta ce ta taka ko'ina har da rabona.

Maman Ilham:
Duk wannan labari ban ji an ambaci auta ba. Yaro ɗan shekara 18 kun sa shi bin kasuwar kuɓewa?

Abban Hanif:
Anti kar ki tona. Tun a filin jirgi yake min maganar filin Arsenal, ni kuma ɗan Chelsea ne, ina ta ja masa rai. Asabar zan kai shi, amma a waje zan tsaya.

Wata tambayar kuma: Hajiya ta riga ta cika akwati biyu, kowanne ya haura kilo 23, kuma saura kwana goma. Akwai wanda zai tafi Kano ƙarshen wata da ragowar awo?

Ɗan Zazzau:
Ina da kilo goma. Amma ta Zariya za a bi da su, kuma akwai kuɗin fito.